Malaminsa ya ce kansa ba ya ja, babansa kuma ya ce a cire shi daga makaranta

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara kuma a sakaya sunana. Ina da yaro ɗan shekara 11 yana aji biyar na firamare, tunda ya shiga makaranta in bai zo na ƙarshe ba to na kusa da na ƙarshe ne, ƙanwarsa kuwa da ya ba shekara biyu ita ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu a ajinsu. Ranar da naje karɓar sakamako malamin ajinsu ya ce min a gaban yaron wai kansa ba ya ja, su dai sun yi iya yinsu. Amma Anti wallahi a gida yaron nan abin mamaki ne, fankar da ta lalace shi ya kwance ta ya gyara, hanya in aka bi da shi sau ɗaya ya riƙe ta kenan, in aka ba shi labari zai maimaita miki shi tsaf, ƙannensa in suna faɗa shi ke sasanta su. Karatun ne kawai, da ya ɗauki littafi sai ya yi ta in'ina yana tsallake layi har ya fashe da kuka. Yanzu babansa ya ce asarar kuɗi kawai ake yi gara a cire shi a kai shi koyon sana'a, wata ƙawata kuma ta ce ta gani a intanet basira kala-kala ce, tasa ta hannu ce in ƙyale shi da boko. Shi kuma yaron har ya fara cewa da bakinsa wai shi daƙiƙi ne. Na rasa maganar wa zan bi.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana su ya yi musu albarka. Amsar a gajarce ita ce kar a cire shi, kuma kar ki ɗauki maganar ƙawarki yadda ta kawo ta. In kin lura malamin da maigidanki da ƙawar taki duk hanya ɗaya suka bi duk da kowa da irin lafazinsa, dukansu sun gama yanke hukunci cewa yaron nan ba zai iya karatu ba, kuma a cikin su ukun babu wanda ya tsaya ya tambaya me ya sa ba ya iyawa. Wannan tambayar ita ce aikin da ke gabanki.

Mu fara da malam. Idan malami ya ce kan yaro yana ja, yawanci abin da yake nufi shi ne yaron yana saurin ɗaga hannu, yana haddace abin da aka rubuta a allo, rubutunsa yana karantuwa, kuma yana cin maki a jarabawa, to wannan shi ne abin da mutum ɗaya zai iya gani yana tsaye a gaban aji cike da yara da minti arba'in a hannunsa, ban ce mugunta ce ba, iya abin da idonsa ya kai kenan. Amma ki ɗauko takardar sakamakon nan ki sake dubawa da kyau. Darasi goma ne ko sha biyu a jere kuma duk ya faɗi ko? To kowanne daga cikinsu sai an karanta tambaya kafin a amsa, sai kuma an rubuta amsar, kimiyya haka, tarihi haka, hatta lissafi da zarar an zo wajen tambayoyin da ake rubutawa da jimla to ya koma jarabawar karatu. Kinga kenan mai yiwuwa matsala ɗaya ce tak yaronki yake da ita aka ƙirga masa ita sau goma, sai ta fito a takarda kamar babu abin da ya sani a duniya.

Su kansu masana ilimi sun fi shekara ɗari suna jayayya a kan mene ne basira kuma ta yaya za a auna ta, har yau ba su gama ba. Gwajin farko da ya yi suna wani Bafaranshe ne Alfred Binet ya haɗa shi tare da abokin aikinsa Théodore Simon a 1905 a birnin Paris, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dalilin yin sa, an yi shi ne don a gano yaran da karatu ke ba wahala a ba su ƙarin taimako, shi Binet ɗin ma ya yi ta faɗa da masu cewa basirar mutum a tsaye take ba ta ƙaruwa. Daga baya ne abin ya sauya fuska, a 1912 wani Bajamushe William Stern ya kawo lissafin da ya zama abin da ake kira IQ, wato makin da ake auna kaifin basirar mutum da shi, a 1916 kuma Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya sake fasalin gwajin, sai ya zama abin jera mutane daga na sama zuwa na ƙasa. Shi wannan Terman ɗin a 1921 ya fara tara yara kimanin 1,500 a Kalifoniya waɗanda suka fi kowa maki yana bibiyar rayuwarsu don ya nuna su ne manyan gobe, da yawansu kuwa sun yi nasara a rayuwa ba laifi, amma akwai yara biyu da aka gwada aka ce makinsu bai kai ba aka ajiye su gefe, William Shockley da Luis Alvarez, su biyun nan daga baya kowannensu ya ci kyautar Nobel, wato babbar lambar yabo ta duniya da ake ba masana, a fannin kimiyyar fiziks, ɗaya a 1956 ɗaya a 1968, a cikin zaɓaɓɓun kuwa babu wanda ya ci. To in gwajin da farfesa ya zauna ya tsara zai iya irin wannan kuskuren, ina ga hukuncin da aka yanke da baki a ƙofar aji ranar raba sakamako.

Sai dai kar in yaudare ki in ce jarabawa da gwaje-gwajen nan shirme ne, ba shirme ba ne. Tun 1904 wani Bature ɗan Ingila Charles Spearman ya lura cewa yaron da ya yi ƙoƙari a darasi ɗaya yawanci yana yin ƙoƙari a sauran, kuma an yi ta maimaita wannan binciken ana samun abu ɗaya, wato akwai wani kaifin kai na gaba ɗaya da ke taimakon mutum a kusan komai. Amma ki duba abin da kika rubuto min da hannunki, yaron da zai kwance fanka ya gane inda ta lalace ya mayar da kowane ƙarfe mazauninsa, ya ji labari sau ɗaya ya maimaita shi a jere bai haɗa farko da ƙarshe ba, wannan ai kaifin kan ne ake gani ƙiri-ƙiri. Shi ya sa ni maganar "kansa ba ya ja" ba ta shige ni ba sam.

Yanzu maganar ƙawarki. Abin da ta gani a intanet yana da asali, wani malamin Jami'ar Harvard ne Howard Gardner ya fito da ra'ayin a 1983, ya ce basira ba ɗaya ba ce, ya lissafa guda bakwai, akwai ta harshe da ta lissafi da hujja, su biyun nan ne makaranta ta fi ɗauka da daraja, sannan akwai ta gane wuri da siffar abu a cikin kai kamar ta mai zanen gini ko mai riƙe hanya, da ta sauti da kiɗa, da ta sarrafa jiki da hannu, da ta fahimtar mutane, da ta sanin kai, daga baya ya ƙara ta takwas ta gane tsirrai da dabbobi da yanayi. Malamai a ƙasashe da yawa sun rungumi wannan magana hannu bibbiyu, kuma ta yi amfani gaskiya don ta sa an fara kallon yaran bayan aji da idon mutunci. In aka bi wannan lissafin ma ɗanki ya tashi da uku, hannu da hanya da iya zama da mutane, wannan sasanta ƙannen da kika faɗa a ƙarshe kamar ba komai ba, manya nawa kika sani da ba su iya shi ba?

Akwai ma wani bincike da nake so, wani masani Robert Sternberg wanda shi a 1985 ya kasa basira gida uku, ta nazari da ta ƙirƙira da ta iya rayuwar yau da gobe, shi da abokan aikinsa suka je wani ƙauye a yammacin Kenya suka gwada yara 85 'yan ƙabilar Luo a kan sanin magungunan itatuwa, wanne ake sha ga wace cuta, aka buga sakamakon a 2001. Sai aka ga yaran da suka fi sanin magungunan sau da yawa su ne makinsu ya fi ƙasa a gwajin irin na makaranta. Ba don kansu ba ya ja ba, lokacinsu da hankalinsu ne ya tafi wani wajen da jarabawa ba ta leƙawa.

To ina matsalar take? Matsalar ita ce yadda mutane suka mayar da wannan ra'ayi abin lallashi, a ce wa uwa ai ɗanki na hannu ne, sai kowa ya samu sauƙi, malami ya huta uba ya huta a rufe littafi. Na farko dai masana da dama ba su gamsu da rabon Gardner ba saboda babu wani gwaji tsayayye da ya nuna basirorin nan takwas kowacce zaman kanta take yi. Na biyu, wannan abin da ya yaɗu cewa kowane yaro da salon koyonsa, wannan na ido ne wancan na kunne ne wancan na hannu, sai an koya masa ta nan kaɗai zai gane, a 2008 wasu masana ƙarƙashin Harold Pashler sun tattara binciken da aka yi a kai suka ce babu gamsasshiyar hujja da ta goyi bayansa, shi kansa Gardner ya fito ya ce a daina haɗa maganarsa da wannan. Bai taɓa cewa yaro mai basirar hannu a bar shi bai iya karatu ba. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, sana'ar hannun ma yanzu wacce ce ba ta son karatu? Mai gyaran mota na'ura yake jonawa ta rubuto masa inda matsalar take, mai aikin lantarki sai ya karanta zane da lambobi, ga saƙon waya ga takardar yarjejeniya ga lissafin kwastoma. In aka cire shi yau yana shekara 11 bai iya karanta layi biyu ba, an taƙaita shi ne har a cikin sana'ar da ake cewa ita ce tasa, zai iya ƙarewa yana yi wa wanda bai kai shi iya aiki ba yaranta saboda kawai wancan ya iya karanta takarda.

Abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne wannan haɗin, yana riƙe labari in ya ji da kunne amma in ya ɗauki littafi sai in'ina da tsallake layi da kuka. Wannan ba siffar rago ba ce, rago ba ya kuka a kan littafi, ajiyewa yake ya tafi wasansa. Abu na farko a kai shi asibiti a auna idonsa, a duba kunnensa ma, yara da yawa sun yi shekaru ana kiransu daƙiƙai ashe allon ne ba sa gani ko haruffan ne ke haɗe musu, kuma yaro ba zai faɗa ba tunda shi a zatonsa kowa ma haka yake gani. In ido da kunne lafiya lau to sai a nemi wanda ya san harkar matsalolin koyo ya gwada shi a kan abin da ake kira disleksiya, wato yaro mai cikakken hankali amma ƙwaƙwalwarsa tana shan wahala wajen haɗa harafi da sautinsa. Ba sabon abu ba ne, tun 1896 wani likita a Ingila Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai wayo, ga iya wasa ga iya lissafi amma ya kasa karatu duk da shekarun da aka yi ana koya masa, har malaminsa yake cewa da a ce da baki ake yin komai da shi ne zai fi kowa a makarantar. Ki ji fa, sai kace ɗanki ake bayani. Ban ce shi ke damunsa ba, wannan sai an zauna da shi an gwada, amma ya isa dalilin da zai sa a bincika kafin a yanke masa makoma.

Kafin ma ki je ko'ina akwai abin da za ki iya yi a gida yau da daddare. Ki ɗauko littafin ajinsu na kimiyya ko wani darasi, ki karanta masa shafi ɗaya da bakinki a hankali sannan ki yi masa tambayoyi biyar ya amsa da baki, gobe kuma ki ba shi wani shafin mai kama da shi ya karanta da kansa ki sake yi masa tambaya biyar. In ya ci na farko ya faɗi na biyu to kin ga inda gizo ke saƙar, fahimta tana nan ƙofar shiga ce ta toshe. Sannan ki lura ko harshen da ake koyarwa da shi a makarantar shi ne wanda kuke yi a gida, don wani yaron ba karatun ne ya gagare shi ba, ana tambayarsa ne da harshen da bai gama ji ba. Kuma dan Allah a yi abin cikin wasa da dariya, kar ki sa fuskar jarabawa, kar ƙanwar tana wajen.

In ta tabbata karatun ne, maganinsa ba bulala ba ne ba kuma ƙarin lesin na awa uku da za a yi ta maimaita masa abin da aka yi da safe ba. Komawa ake yi tushe, harafi da sautinsa, a haɗa biyu a haɗa uku, a bi a jere ba tsallake, minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum ya fi awa biyu sau ɗaya a sati, da mutum mai haƙuri wanda ba zai yi tsaki ba in yaro ya manta abin da aka yi jiya, don zai manta ɗin. A gefe guda kuma a ci gaba da karanta masa sauran darussa da baki saboda kar a bar shi a baya a ilimin kansa yayin da ake gyaran karatun. Zai ɗauki watanni, wani ma har ya girma karatunsa a hankali yake yi, amma yana iyawa.

Shi kuma malam ki koma wajensa ke kaɗai ba da yaron ba, kuma ba da faɗa ba duk da na san ranki ya ɓaci, nima nawa ya ɓaci da na karanta. Ki ce malam na zo ne ka taimaka min in gane, a ina daidai yake tsayawa, haruffan ne bai sani ba ko haɗa su, in ka tambaye shi da baki yana amsawa, a ina yake zama a aji, za a iya dawo da shi gaba, za a iya gwada shi da baki ko sau ɗaya ne mu gani? Irin waɗannan tambayoyin suna tilasta wa malami ya sake kallon yaron da kyau maimakon ya maimaita hukuncin da ya riga ya yanke. Sannan ki roƙe shi cikin girmamawa kar a sake faɗin irin wannan magana a gaban yaro. A 1968 Robert Rosenthal da wata shugabar makarantar firamare Lenore Jacobson sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi a Kalifoniya, sun ce wa malamai ga wasu yara nan kusan ɗaya cikin biyar da za su yi zarra a bana, alhali da ka kawai aka zaɓo sunayen, ƙarshen shekara sai ga yaran nan musamman na aji ɗaya da biyu sun ɗara sauran ci gaba. Binciken da ya biyo baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka yi ta zuzutawa ba amma yana nan, malami in ya sa rai da yaro yana ƙara jiransa ya amsa, yana ƙara yi masa bayani, in ya cire rai kuwa ko kallonsa ba ya yi. In kika ga malamin ya kafe ki je wajen hedimasta, in nan ma babu fuska to canjin aji ko canjin makaranta ya fi cirewa gaba ɗaya nesa ba kusa ba.

Maigida kuma kar ki tare shi da musu, mutumin da ke biyan kuɗi duk zango yana ganin na ƙarshe a takarda dole ransa ya sosu, kuma sana'a ba abin kunya ba ce balle a ce ya faɗi wani mugun abu. Ki nemi ya ba ku zango biyu, a duba ido a yi gwajin a fara gyaran karatun, sannan a sake zama. Sana'ar kuma a haɗa masa da ita, ranakun da babu makaranta da lokacin hutu ya je wajen mai gyara na kirki wanda kuka yarda da tarbiyyarsa, yaron da kullum ake nuna masa inda ya gaza yana bukatar wuri ɗaya da za a ce masa kai amma ka iya. In maigidan mai son hujja ne ki gaya masa a 2018 wasu masana biyu Stuart Ritchie da Elliot Tucker-Drob sun haɗa bayanan mutane sama da 600,000 suka ga kowace shekara ɗaya da mutum ya ƙara a makaranta tana ƙara masa maki 1 zuwa 5 a gwajin IQ, wato zaman makarantar da kansa yana wasa ƙwaƙwalwa, kenan cire yaro saboda ana ganin kansa ba ya ja kamar hana marar lafiya magani ne don bai warke ba. Kuma ki sa shi ya zauna wata rana ya kalli yaron yana gyara wani abu tun daga farko har ƙarshe, iyaye maza da yawa takardar sakamako kawai suke gani.

Sai maganar ƙanwar, wadda ba ki tambaye ni ba amma zan sa baki. Na tabbata a gidan nan an riga an raba, ita ce mai ƙwaƙwalwa shi ne mai gyare-gyare, baƙi ma in sun zo haka ake gabatar da su. A daina. Shi yana jin ciwo, ita ma ba gata ake mata ba, a 1998 Carol Dweck da Claudia Mueller sun gwada yara 'yan aji biyar a Amurka, wasu aka yabe su da cewa kai mai basira ne wasu aka ce kai ka yi ƙoƙari, da aka kawo aiki mai wuya sai waɗanda aka yaba da basira suka fi saurin karaya suka fi gudun abu mai wahala, wasunsu har ƙarya suka yi a kan makin da suka ci don kar sunan ya zube. Ki yabi abin da kowannensu ya yi da yadda ya yi shi, kuma kar a sa ta ta riƙa koya masa karatu, yaya ne, abin zai yi masa nauyi fiye da yadda kike zato.

In ya sake cewa shi daƙiƙi ne kar ki ce masa a'a kai ne ka fi kowa, ba zai yarda ba don yana ganin takardarsa. Ki ce masa karatu yana ba ka wahala gaskiya ne, akwai dalili kuma za mu nemo shi, sannan ki tambaye shi yadda aka yi ya gane abin da ya lalace a fankar nan ki bar shi ya yi miki bayani har ya gama. Ki fara da awon ido a cikin satin nan, ki yi gwajin shafi biyun nan, sai ki sake rubuto min abin da kika gani mu san mataki na gaba.